Ƙofofi goma: kishin jami'o'i biyu na Iowa a fagen kokowa

Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Maraɗi, ko na Tawa, ko na Damagaram, a makon da ake neman takobi, ya san cewa kowace jiha ƴan kokowa goma take kawowa, kuma ba a tambayar ɗayansu kilo nawa ya kai. Siriri yana iya gamuwa da ƙato, rabin daɗin kallon ma a nan yake. Haka abin yake tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci. A jami'o'in Amurka ma, inda kokowa ta zauna da gindinta kusa da ɗakunan karatu sama da shekara ɗari, mutum goma kowace makaranta take fitarwa. Sai dai goman nan ba ɗaya suke da namu na gargajiya ba, domin ma'auni ne ya raba su. Tun daga 1970 an kasa ƴan kokowar jami'a rukuni goma bisa nauyin jiki, kuma kowace makaranta mutum guda tak take iya tsayarwa a kowane rukuni. Daga wannan ƴar ƙa'ida wani ilimi ya tsiro, na zawarcin matasa da jera su, wanda ya raba gardama tsakanin manyan makarantu fiye da yadda ƙarfin damtse ya raba.

Kafin a shiga labarin, dole mai karatu ya san yadda ake ƙirga nasara a can. Kaye guda ba ya ƙare karo. Ana yin minti bakwai bisa wata shimfiɗa mai taushi, alƙali yana ba da maki ga wanda ya kai abokinsa ƙasa, ko ya kuɓuce daga riƙo, ko ya juya shi rigingine. Karo ba ya yankewa nan take sai in an manna kafaɗu biyu da ƙasa, ko ratar maki ta yi yawa ainun. Idan makarantu biyu suka haɗu, karo goma ake yi, kowanne yana kawo wa makaranta maki uku zuwa shida, gwargwadon yadda aka ci shi. A watan Maris kuwa ake babbar gasar ƙasa ta hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta kwana uku, inda mutum takwas na farko a kowane rukuni suke samun lambar girma, kuma suke tara wa makarantarsu maki. Zakara yana kawo da yawa, amma na biyar da na bakwai ma ba su komawa hannu sake.

Ke nan mai horarwa yana tsaye ne gaban gida mai ƙofofi goma, kuma ɓarawo ta wadda aka bari a buɗe yake shiga. In ya tara zakaru biyu masu nauyi ɗaya, ɗayansu zai ƙare shekara a kan benci, ya zama asara. In ya ɗauko yaro ɗan shekara 18 mai kilo 57, sai ya yi tunanin kilo nawa yaron zai kai in ya shekara 22, da wa zai tarar a rukunin da zai girma ya shiga, da kuma wa kishiya ta tanada a wannan rukunin. Ga shi kuma hannu bai cika ba: tun farkon shekarun 1990 har 2025, hukuma ba ta yarda wata makaranta ta raba abin da ya wuce bursin karatu 9,9 ga ƴan kokowarta ba. Ƙofa goma, bursi bai kai goma ba, alhali ɗakin horo yana ɗauke da samari talatin ko fiye. Sai a riƙa yanka bursi ana rabawa, wannan rabi, wancan kashi ɗaya cikin huɗu, kamar naman layya a gidan yawa.

Ƙofofin da suka fi wuyar tsaro su ne na bakin iyaka. Amurkawa da laba suke awo, wadda ta ɗan gaza rabin kilo, kuma rukuni mafi sauƙi a da shi ne laba 118, wajen kilo 53 da rabi. Namiji baligi mai ƙarfi da zai zauna a wannan nauyi shekara huɗu ba a ko'ina ake samunsa ba. A ɗaya gefen kuma, ƙattin samari ƙwallon ƙafa irin na Amurka ke kwashe su, domin ita ce mai kuɗi da suna, kuma manyan jami'o'i sun daɗe suna ware mata bursi 85.

Oklahoma ce ta fara gane lissafin

An yi gasar ƙasa ta farko a 1928 a garin Ames na jihar Iowa, amma ba masu gida suka ci ba. Makarantar aikin gona da ƙere-ƙere ta Oklahoma, wadda daga baya ta zama jami'ar Oklahoma State, ita ta mamaye fage ƙarƙashin Edward Gallagher, wani injiniyan lantarki da ya ɗauki jikin ɗan Adam tamkar na'ura, yana nazarin inda ake dannawa da inda ake ɗagawa. Kafin rasuwarsa a 1940 ya ci kambi 11. Magadansa ba su saki ragama ba: daga 1954 zuwa 1964, shekara goma sha ɗaya cur, kambi bai bar jihar Oklahoma ba, yana kai da komo tsakanin jami'o'inta biyu.

A wannan zamani ne Myron Roderick, mai horarwa a Oklahoma State, ya nuna iyakar inda neman ɗan ƙaramin rukuni ke iya kai mutum. Da ya ga ƙananan nauyi suna masa wuya, sai ya juya zuwa Japan, ƙasar da ta yi fice a waɗannan rukunai a duniya. Masaaki Hatta ya ci masa kambi a 1962, ƙaninsa Tadaaki ya ci a 1965, sa'an nan ga Yojiro Uetake, wanda ya ci sau uku a jere daga 1964 zuwa 1966 ba tare da an kayar da shi ko sau ɗaya ba, kuma ya ɗauko wa ƙasarsa zinariya a wasannin Olamfik na 1964 da na 1968.

Wanda ya fasa wannan katanga shi ne Harold Nichols na jami'ar Iowa State da ke Ames. A 1965 ya ƙwace kambi daga Oklahoma State da ratar maki ɗaya, 87 da 86, sa'an nan ya ƙara a 1969, 1970, 1972, 1973 da 1977. Nichols ɗan kasuwa ne a zuciya, ba ya jin nauyin sayen abin da gonarsa ba ta fitar ba. Daga Wisconsin ya samo Ben Peterson na laba 190. Da ya nemi mai tsaron babbar ƙofa, a lokacin da rukunin ƙatti ba shi da iyakar nauyi, sai ya ɗauko Chris Taylor daga wata ƙaramar kwaleji ta shekara biyu a Michigan, mutum mai fiye da kilo 180, wanda ya ci kambi a 1972 da 1973. Amma mafi tsadar kamun da ya yi ɗan gida ne: Dan Gable, haifaffen Waterloo a jihar Iowa a 1948, wanda ya gama lise da karo 64 ba kaye.

Gable ya ci kambi a laba 130 a 1968, ya ci a laba 137 a 1969, ya iso karon ƙarshe na rayuwarsa ta ɗalibi a watan Maris na 1970 yana ɗauke da nasara 181 tun daga lise, babu faɗuwa ko ɗaya. Al'adar lokacin ita ce masu horarwa su kauce masa, su tura gwanayensu sama ko ƙasa da rukuninsa domin kada a yi asarar maki. Wani ɗalibi daga jami'ar Washington, Larry Owings, shi ya yi akasin haka. Ya fi rukunin nauyi nesa ba kusa ba, amma ya rage jiki da gangan har ya sauko laba 142 domin ya gamu da shi, kuma ya ci shi da maki 13 da 11. Gaba da gabanta. Ames ta ci kambin makarantu a wannan shekara duk da haka, amma an ga cewa hawa da sauka a kan ma'auni makami ne, ba tsari kawai ba. Shekara biyu bayan haka, a Olamfik na Munik, Gable ya ci zinariya a kilo 68 ba wanda ya ɗauki maki ko ɗaya a kansa.

Da ɗan gari akan ci gari

Jihar Iowa ƙasar masara ce da aladu da dogon hunturu, kuma a ƙauyukanta kokowar lise tana tara jama'a kamar yadda kokowar kaka take tarawa a karkarar Hausa bayan an kai amfani rumbu. Tana da manyan jami'o'i biyu masu kallon hadarin kaji: ta Ames, da kuma jami'ar Iowa da ke Birnin Iowa. Tsakaninsu bai kai tafiyar Maraɗi zuwa Damagaram ba, kuma rijiya ɗaya suke ɗiba, wato samarin lise na jihar. Har zuwa 1972 ta Birnin Iowa ba ta taɓa cin kambin ƙasa ba.

A wannan shekara aka naɗa Gary Kurdelmeier babban mai horarwa a Birnin Iowa, kuma zawarcinsa na farko ba na ɗalibi ba ne. Gable ya nema, ya ba shi muƙamin mataimaki, Ames kuwa ta yi sanyin jiki har ɗanta ya tsallaka gidan kishiya. A tarihin wasan nan da wuya a sami sakaci mai tsada irin wannan. Kurdelmeier ya haɗa da wata dabara ta biyu: ya jawo wani attajiri na garin Muscatine, Roy Carver, mai kamfanin sabunta tayoyin mota, ya ɗauki nauyin wata ƙungiya da za ta riƙe ƴan kokowar da suka gama karatu su zauna a garin suna shirin Olamfik. Amfanin wannan ga zawarci a fili yake. Yaron lise da aka kawo ziyara yana shiga ɗakin horo ya tarar da manyan da yake gani a jarida, a ce masa da waɗannan zai riƙa gumurzu kowace yamma. Bursin kowace makaranta daidai yake da na kowace, amma abokin horo ba a iya ƙayyade shi da doka.

Birnin Iowa ta ci kambi a 1975 da 1976, Kurdelmeier ya sauka ya miƙa wa Gable. Shekararsa ta farko, 1977, tsohon malaminsa Nichols ya nuna masa cewa ba a fafa gora ranar tafiya: Ames ta ɗauki kambi, Gable ya zo na uku. A 1978 aka sake haɗuwa, kuma sakamakon ya cancanci a tsaya a kansa. Gable bai fitar da zakara ko ɗaya ba a rukunai goma. A laba 126 ma ɗan Ames, Mike Land, shi ya doke sabon yaronsa Randy Lewis a karon ƙarshe. Amma da aka tara makin na biyu da na uku da sauran masu lambar girma, Birnin Iowa tana da 94,5, Ames tana da 94. Rabin maki. Wani yaro da ba a tuna sunansa, a wani karo na safe da ƴan kallo ba su cika ba, shi ya kawo shi. Daga nan Gable bai sake sakin kambi ba sai bayan shekara tara.

Yadda yake gina tawagarsa ba shi da wuyar faɗi, aiwatarwa ce mai wuya. Ginshiƙi ƴan jiha ne, irin su Barry Davis da Jim Zalesky na Cedar Rapids, kowannensu zakara sau uku. Kowane ɗaya da ya kama, ya hana Ames ke nan, riba biyu. Inda jihar ba ta da abin da yake so, sai ya miƙa hannu waje. Lewis daga Dakota ta Kudu ya zo. Daga garin Port Jervis na jihar New York kuma ya ɗauko tagwaye, Ed da Lou Banach, waɗanda suka rufe masa ƙofofin sama. Lou bai wuce kilo ɗari da wani abu mai yawa ba, amma aka tura shi rukunin ƙatti, inda sauri da jimiri suka maye masa gurbin nauyi. A 1981 ya manna kafaɗun Bruce Baumgartner da ƙasa a karon ƙarshe, ya sake cin kambi a 1983.

Labarin ɗan'uwansa Ed ya fi nuna yadda kishiyoyi suke karanta jerin juna. Ed ya ci laba 177 a 1980 da 1981, ana ganin zai zama na farko da zai ci sau huɗu. Sai jami'ar Oklahoma ta ɗaga Mark Schultz, zakaran laba 167, ta kai shi 177, ya tare hanya, ya ci Ed a karon ƙarshe na 1982. A shekara ta gaba Ed ya hau laba 190, can kuma ya tarar da Mike Mann na Ames, wanda ya doke shi sau uku a cikin kakar. Mai saurin yanke hukunci zai ce an yi kuskuren ɗaga shi. A karon ƙarshe na 1983 Ed ya ci Mann da 4 da 3. Tagwayen duka biyu sun ci zinariya a Olamfik na Los Angeles a 1984, tare da Lewis.

A 1986, a gida, cikin babban zauren da aka buɗe a 1983 mai ɗauke da sunan Carver, Birnin Iowa ta fitar da zakaru biyar ta ci kambi na tara a jere. Shekarar da ta biyo baya ƴan kokowarta suka fito da alamar X a jikin kayansu, wato goma a lissafin Rumawa, tun ba a yi gasa ba. Ames a lokacin tana hannun Jim Gibbons, ɗan garin, almajirin Nichols, wanda bai kai shekara 30 ba. Ya tsayar da mutanensa a daidai ƙofofin da Gable yake taƙama da su. A laba 126 Bill Kelly ya manna Brad Penrith, zakaran bara, da ƙasa. A laba 150 Tim Krieger ya sauke wani zakaran na bara, Jim Heffernan. Stewart Carter da Eric Voelker suka cika zakaru huɗu. Kowane karo tsakanin kishiyoyi biyu ninki ne, domin abin da ɗaya ta samu daga aljihun ɗayar ya fito. Alamar X ta zama abin ba'a, Gable kuma ya shekara huɗu bai ga kambi ba.

Ya dawo ne da wasu tagwayen, har gida biyu. Tom da Terry Brands na garin Sheldon sun zo da jiki iri ɗaya, aka raba su: Terry a 126, Tom a 134. Troy da Terry Steiner daga Dakota ta Arewa aka jera su a 142 da 150. Ana iya cewa sa'a ce, amma tagwaye suna da wata fa'ida ga mai lissafi: ziyara ɗaya, iyaye ɗaya za a shawo kansu, ƙofa biyu a rufe, kuma kowanne ya zo da abokin horon da ba ya raga masa.

Shekarar 1993 ce ta fi kowace tona yadda kan Gable yake aiki. Tom Brands ya gama karatu, ƙofar 134 ta yi rauni, jami'ar Penn State kuma tana matsowa. A cikin ɗakin horo akwai wani sabon yaro daga Dakota ta Kudu, Lincoln McIlravy, wanda aka ajiye. Doka ta ba ɗalibi shekara biyar ya yi gasa huɗu a ciki, don haka akan ɓoye sabon zuwa shekara guda yana horo ba ya fita, abin da suke kira sa masa jar riga. McIlravy ɗan 142 ne, a 142 kuwa akwai Troy Steiner, zakaran ƙasa mai ci, a shekararsa ta ƙarshe. Ana saura makwanni a yi gasa, Gable ya cire yaron daga ajiya, Steiner kuma ya yarda ya bar kujerarsa ya rage kusan kilo huɗu ya sauka 134. Yaron ya sha kashi a fitarsa ta farko, gaban ƴan gida. Amma a watan Maris, a garin Ames kanta, ya taso daga baya ya ci Gerry Abas da 16 da 15 a daƙiƙun ƙarshe, ya zama zakara. Terry Steiner ya ci 150. Troy kuwa wani sabon yaro na Penn State, Cary Kolat, ya tare shi a karon kusa da na ƙarshe, ya ƙare na uku. Makaranta ta ci kambi da rata mai faɗi, littattafan tarihi sun yaba wa mai horarwa, amma wanda ya biya kuɗin dabarar shi ne saurayin da ya sauka daga rukunin da yake sarki.

A 1997, shekarar Gable ta ƙarshe, Oklahoma State ake kyautata wa zato. Shi kuwa ya sake motsa jeri: Mike Mena ya hau daga 118 zuwa 126, aka buɗe ƙaramar ƙofa ga Jessie Whitmer, wanda ya shekara huɗu a ɗakin horo yana jiran layi bayan waɗanda suka fi shi. Whitmer ya ci kambi, Mena ya zo na biyu, makaranta ta fitar da zakaru biyar ta tara maki 170, adadin da ya tsaya shekara 27 ba a wuce shi ba. Gable ya sauka da kambin ƙasa 15 cikin shekara 21, nasara 355, faɗuwa 21, kunnen doki 5.

Abin da ma'auni ya ci

Duk wannan hawa da sauka da ake yi a takarda, a jikin samari ake yinsa. Shekaru da dama al'ada ce a auna mutum kwana guda kafin karo, don haka sai ya ƙona kilo huɗu ko biyar na ruwan jiki cikin ƴan kwanaki: ba ci, ba sha, ya sa rigar roba ya yi ta tuƙa keke a ɗaki mai zafi, in ya sauka daga ma'auni ya mayar. Masu horarwa sun sani, da yawansu ma haka suka taso. A watannin Nuwamba da Disamba na 1997, cikin makwanni biyar, ɗalibai uku suka mutu suna wannan aiki, ɗaya a jami'ar Campbell, ɗaya a Wisconsin, ɗaya a Michigan. Sai a lokacin hukuma ta farka. Ta hana rigar roba da ɗakin zafi, ta matso da awo zuwa sa'a ɗaya ko biyu kafin karo, domin wanda ya ƙona kansa ya shiga fage ba ƙarfi, ta sa a riƙa gwada kitse da ruwan jikin kowa a farkon kaka a yanka masa nauyin da ba zai sauka ƙasa da shi ba. Ta kuma ƙara laba bakwai a kowane rukuni, aka koma daga 125 zuwa 197, ƙatti kuma 285, wajen kilo 129. Daga nan irin saukar gaggawa da aka sa Troy Steiner ya yi ta yi wuya, nauyin lissafi ya ƙara komawa kan ranar da ake zaɓen yaro tun yana lise.

Wanda ya kai darasin 1978 maƙura tsohon mataimakin Gable ne, J Robinson, da ya koma jami'ar Minnesota. Maimakon ya zuba bursinsa kan taurari uku ko huɗu, sai ya shimfiɗa shi a ƙofofi goma. A 2001, a zauren Carver na Birnin Iowa, babu ɗan Minnesota ko ɗaya da ya kai karon ƙarshe, masu gida kuwa sun fitar da zakaru biyu. Amma duka goman Robinson sun shiga cikin takwas na farko a rukunansu, abin da ba a taɓa yi ba, suka tara maki 138,5 suka ɗauke kambi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji masu magana, ko da yake shekarun baya sun nuna cewa wanda ya haɗa su biyun ya fi kowa.

Ames ta sake samun nata ɗan baiwa. Cael Sanderson, daga jihar Utah, ya yi karo 159 tsakanin 1999 da 2002 ba a ci shi ba, ya ɗauki kambi huɗu, uku a 184, na ƙarshe a 197, ya ƙara da zinariyar Olamfik ta Atina a 2004. Wannan karo makarantar ba ta yi sakaci ba, ta naɗa shi babban mai horarwa a 2006, shekarar da Tom Brands ya karɓi Birnin Iowa. Brands ya zo ne daga jami'ar Virginia Tech da samari biyar da ya zawarto can, ciki har da Brent Metcalf. Tsohuwar makarantarsu ta ƙi sakin su, suka yi asarar shekara guda ta gasa, sa'an nan suka taimaka aka ci kambi a 2008, 2009 da 2010. A 2009 kuma Sanderson ya bar Ames ya tafi Penn State, David Taylor, fitaccen ɗan lise da ya riga ya yi wa Ames alkawari, ya bi shi.

Dalilin tafiyar ba ɓoyayye ba ne ga mai duba taswira. Jihar Pennsylvania ta ninka Iowa yawan jama'a wajen sau huɗu, kokowar lise ɗinta tana cikin mafi ƙarfi a ƙasar, ga Ohio da New Jersey a maƙwabta, kuma ba wata kishiya mai girman Birnin Iowa da za a raba rijiya da ita. Sanderson ya fi ba da ƙarfi a tsakiyar jeri zuwa sama, yana neman masu cin karo da rata ko da manna kafaɗa, domin su ke kawo ƙarin maki. A 2017 ya ci rukunai biyar a jere, daga 149 zuwa 184. Ɗaya daga cikin biyar ɗin, Mark Hall, a watan Janairu aka cire shi daga ajiya, ya faɗi a fitarsa ta farko a zauren Carver, ya zama zakara a Maris, sak labarin McIlravy bayan shekara 24. Brands ya mayar da martani ta hanyar shiga gonar abokin hamayya: ya ɗauko Spencer Lee daga Pennsylvania ya tsare masa ƙofar 125, Lee ya ci a 2018, 2019 da 2021, kuma a 2021 ɗin Birnin Iowa ta karɓi kambi. Amma tsakanin 2011 da 2025 Penn State ta ci sau 12. A 2024 ta wuce makin Gable da 172,5. A 2025 ta kai 177, da mutum goma duka cikin takwas na farko, har da zakaru biyu.

Ƙa'idojin zawarci ma sun sauya. Tun 2021 ɗalibi yana iya sauya makaranta ba tare da ya yi asarar shekara ba, yana kuma iya karɓar kuɗin talla da sunansa, don haka ƙofar da a da ake shekara huɗu ana renon mai tsaronta, ana iya cike ta cikin wata guda da gwanin da wata makaranta ta rena. A 2025 aka soke iyakar bursi 9,9 ga jami'o'in da suka shiga sabon tsari, aka maye ta da iyakar mutum 30 a tawaga. A Ames kuwa, a 2017 aka miƙa ragama ga Kevin Dresser, ɗaya daga cikin zakaru biyar da Gable ya fitar a 1986, ya zamanto almajiran mutum ɗaya ne suke fuskantar juna daga garuruwan biyu. Har zuwa gasar 2025, kambin ƙarshe da ya kwana a Ames shi ne na 1987.